Wai taurari masu wutsiya ne ke kai wa rana lodin mai? Tambayoyin majalisarmu ta Agege da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan maganar a teburin mai shayinmu na nan Agege ta faro, wani dare da aka ɗauke wuta kowa ya jawo benci waje, janareto na ta ruri ta ko'ina, sai wani yaro ɗan sakandare ya miƙo wayarsa ya ce mu kalli wani bidiyo. A bidiyon an rufe rana da wani faifai kaman murfin tukunya, sai ga wani farin abu siriri da jela ya taho daga gefe ya nufi murfin, ya shige, shikenan bai fito ba. Wani yayanmu direban tanka da ke lodi a Apapa ya buga cinya ya ce ai kun gani, lodi ake kai mata, duk abin da ke ci sai an zuba masa mai ko da janareton mai aski ne. Musu ya kaure har shayi ya huce, kuma da yake ina ɗan koyar da yara kimiyya a lesin da yamma sai aka jibgo min maganar. Tun daga ranan tambayoyi ke shigo min ta WhatsApp, shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya in huta.

Malam a taƙaice dai, suna ƙara wa rana mai ko ba sa ƙarawa?

Ba sa ƙarawa. Nauyi kam suna ɗan ƙara mata tunda duk abin da ya narke a jikinta ya zama nata, amma ƙarin bai kai a saka shi a lissafi ba, kuma ko wannan ɗan abin ma ba ya isa inda ake girkin. Tusa ce kawai, ba ta hura wuta.

Tukunna ma, ita tauraruwa mai wutsiyar mece ce?

Sunan ne ya ruɗe mu, ba tauraruwa ba ce sam. Curin ƙanƙara ne da ƙura da tsakuwa, haɗe da wasu iskoki da sanyi ya daskarar, ba ta da hasken kanta. Can nesa da rana take zaune cikin duhu, in ta matso kusa sai zafi ya fara cin ƙanƙarar, tururi da ƙura su tashi su yi mata wannan jelar da muke gani, kuma jelar kullum baya take ba rana, ko tafiya take ko dawowa. Jelar na iya kai miliyoyin kilomita amma ainihin curin ƙarami ne. Wadda ta fi suna, ta Halley, tsawonta kusan kilomita 15 ne faɗinta kaman 8, wato ta ɗan ɗara gadar Third Mainland tsawo, gadar kilomita 11 da ɗoriya ce. A 2014 kumbon Rosetta na Turai ya je har wurin wata mai suna 67P ya zagaya ta ya sauke mata ƙaramar na'ura, aka auna aka ga faɗinta wajen kilomita 4, nauyinta ton biliyan 10, kuma cikinta duk rami-rami ne kaman soso, in da za a samu tekun da zai ɗauke ta yawo za ta yi a sama ba za ta nutse ba.

To ita ranar me take ƙonawa, gawayi ko gas?

Nan ne fa asalin ruɗanin yake, don in dai ka ɗauka rana wuta ce irin ta mai suya to dole ka nemi mai ƙara mata gawayi. Wutar murhu tana buƙatar itace da iska, a sararin samaniya kuma babu iskar da za ta hura ta. Da a ce rana curin gawayi ce mai girman nan da tuni ta zama toka cikin shekaru dubu kaɗan.

Abin da ke faruwa daban ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin rana iskar haidirojin ce, kusan kwata kuma hiliyam, sauran tarkacen ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Saboda tsabar nauyinta, ta ninka duniyarmu sau kusan 333,000, duk jikinta yana danne tsakiyarta, a can ƙuryar zafi ya kai digiri miliyan 15 ga matsi na fitar hankali, sai ƙwayoyin haidirojin su riƙa karo suna mannewa, huɗu su haɗu su ba da hiliyam ɗaya. To shi hiliyam ɗin da ya fito bai kai nauyin huɗun da aka zuba ba, akwai ɗan giɓi, wannan giɓin ne ke zama haske da zafi kaman yadda lissafin Einstein na 1905 ya nuna. A kowane sakan ɗaya rana na juya haidirojin ton kusan miliyan 600, daga ciki ton miliyan 4 da ɗan wani abu ya tashi a haske ya bar ta har abada. Zafin da ke gasa maka ƙeya a gosulo na Oshodi daga can ya taso, ya yi minti 8 da sakan 20 a hanya daga fatar rana zuwa nan, kilomita miliyan 150.

Tunda ka ce tana ramewa ai ko kaɗan ne taurarin za su rage mata asara ko?

Yauwa, mu yi lissafin 'yan kasuwa. Tirelar siminti buhu 600 take ɗauka, ton 30 kenan. Ton miliyan 4 ɗin nan da ke tashi a haske daidai yake da tirela sama da 130,000, a sakan ɗaya fa, ba a yini ba. Sannan akwai abin da ake kira iskar rana, wato ɓurɓushin jikinta da take fesowa ko'ina, shi ma wajen ton miliyan ɗaya da rabi ne a sakan. In ka haɗa ka buga a kalkuleta za ka ga a kwana ɗaya rana na rasa ton biliyan 500 ko kusa da haka.

Ita kuma Halley gaba ɗayanta da ƙanƙara da tsakuwa an ƙiyasta ta ton biliyan 220. Kenan in ta faɗa yau da asuba, kafin magariba an cinye kwatankwacinta. Sai an riƙa kawo Halley biyu da ɗoriya kullum, babu Juma'a babu Lahadi, kafin a ce an dawo da uwar kuɗi kawai ba a ma zo maganar riba ba. Ita 67P kuwa rabin awa ce. Da na faɗi wannan a majalisa mai shayi ya ce ashe kaman mutum ne ya je bakin teku a Lekki da ledar fiya wata ɗaya ya ce ya zo ƙara wa teku ruwa, na ce Baba ai kai ka ma fi ni iya bayanin.

Kuma kar tausayin rana ya kama ku. Tun da aka yi ta shekara biliyan 4.6 da suka wuce, duk abin da ta zubar a haske bai wuce nauyin duniya kusan 100 ba, ita da ke da 333,000. Ba ta ma san ana yi ba.

Amma Malam ka ce ƙanƙara ce, mu kuma a makaranta an ce akwai haidirojin a ruwa. Ba man ba kenan?

Wannan yaron mai bidiyon ne ya yi tambayar kuma wallahi ta burge ni, don gaskiya ne akwai haidirojin a ruwa, kashi ɗaya cikin tara na nauyinsa. Sai dai matsalar ba ta samun man ba ce, ta inda man zai shiga ce.

Yaya direba ka fi kowa sani, in aka kwara fetur a saman rufin danfo ba zai sa injin ya ƙara tafiya ko taku ɗaya ba, sai ya shiga tanki ya bi tiyo. Rana ba ta da tiyon da ya taso daga fata zuwa ciki. Hawa uku take. Can tsakiya, kaman kwata na nisan daga cibiya zuwa fata, nan ne kaɗai ake girkin. Sai wani makeken sashe mai kauri ya biyo baya wanda ba ya motsawa ba ya gaurayuwa, zafi ne kawai ke ratsa shi a hankali, yakan ɗau dubban shekaru masu yawa kafin ya fita. Sai hawa na sama, wajen kashi 30 cikin 100 na nisan, shi ne ke tafasa yana juyawa kaman kunu a tukunya, mai zafi ya taso mai sanyi ya koma. Duk abin da ya faɗo daga waje a wannan kunun na sama zai narke ya gauraye ya tsaya nan, wancan sashen na tsakiya ya tare hanya.

Abin da zai ba ku mamaki ma shi ne ita kanta ranar tana da haidirojin jibge a saman nan wanda ba za ta taɓa mora ba. Kusan kashi 10 cikin 100 kacal na haidirojin ɗinta za ta ƙona a wannan zangon na rayuwarta, sai na cikin cibiyar ya ƙare ta fara tsufa alhali sauran jikinta cike yake taf. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan. Wanda rumbunsa ke cike amma ba shi da makulli, me kwanon hatsin da ka ɗora masa a kan rufi zai yi masa?

Su nawa ne ma ke faɗawa, kuma wa ya zauna ya ƙirga?

Bidiyon nan da muka kalla daga wani kumbo yake mai suna SOHO, na haɗin gwiwar hukumar sararin samaniya ta Turai da NASA ta Amurka, an harba shi a Disambar 1995 don ya riƙa gadin rana. Faifan da kuka gani da gangan aka sa shi ya kare hasken don a ga abin da ke kewaye, kaman yadda kake sa tafin hannu a goshi in kana hango mota daga nesa. Ba don farautar taurari masu wutsiya aka yi shi ba amma zuwa Maris 2024 an gano guda 5,000 a hotunansa, kusan ɗaya duk kwana biyu kenan, kuma yawancinsu ba manyan furofesoshi suka gano ba, mutane ne irina irinka da ke zaune a gida suna duba hotunan a intanet. Duk mai data da haƙuri a Idi Araba ko Mile 12 zai iya shiga sahu.

Mafi yawansu 'yan gida ɗaya ne, ana ce musu dangin Kreutz, sunan wani masanin taurari Bajamushe Heinrich Kreutz da ya gano a ƙarshen ƙarni na 19 cewa hanya ɗaya suke bi. Ɓaraguzan wata uwa ce babba da ta farfashe ƙarnuka da suka wuce. Daga gidan ne aka samu manya irin ta 1843 da ta 1882 da Ikeya-Seki ta 1965 wadda har da rana tsaka aka gan ta, amma waɗanda SOHO ke gani kullum ƙanana ne, mita goma-goma, wata ma ba ta fi gidan bene ba. In ka ɗauki mai faɗin mita 50 nauyinta bai fi ton dubu talatin da wani abu ba, rana na zubar da wannan tun kafin ka fara ƙifta ido.

Sannan kalmar faɗawa ma mun yi musu alfarma. Yawancinsu ba sa taɓa jikin ranar, tun a hanya suke ƙonewa su zama tururi da ƙura, wani kason ma iskar rana ta sake kwashe shi ta yi waje da shi. Lodin da aka ce ana kaiwa a hanya yake tsiyayewa.

Akwai wadda ta taɓa shiga ta fito da rai?

Akwai, Lovejoy a Disambar 2011, wani ɗan Ostareliya mai kallon taurari don sha'awa ne ya gano ta aka sa mata sunansa. Ta ratsa ta cikin rawanin rana, wannan siririyar iskar da ke kewaye da ita mai zafin sama da digiri miliyan ɗaya, ta gifta kusan kilomita 140,000 daga fatar, kowa ya gama yi mata ta'aziyya sai ga ta ta ɓullo ta ɗaya gefen. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni, duk da dai bayan 'yan kwanaki curin ya wargaje. ISON kuwa da aka yi ta cika baki a kanta a 2013 har ana cewa za ta haske sama, ranar 28 ga Nuwamba ta matsa kusa ta watse, ƙura kawai ta fito.

Me ya hana duka su faɗa, ba an ce rana na janyo komai ba?

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to a sama wannan karin maganar sai an yi mata gyara. In ka yi jifa a gicciye da gudu mai tsanani, dutsen zai yi ta faɗowa amma yana kuskure abin da ke janyo shi, sai ya zama zagaye. Haka duniyarmu take, tana gudun kilomita 30 a sakan a gicciye shi ya sa ba mu afka ba. Taurari masu wutsiya ma haka, su zo da gudu su sha kwana a bayan rana su koma inda suka fito, sai wadda hanyarta ta saitu sosai ce ke yin karo.

Don ku san wuyar abin, kumbon Parker da NASA ta harba a Agustan 2018 sai da ya bi ta gefen Zara matar wata har sau bakwai yana rage wannan gudun na gicciye kafin ya iya matsawa kilomita miliyan 6.1 daga rana a Disambar 2024. Zuwa wurin rana ya fi barin unguwarta gaba ɗaya cin mai.

To a ce an tattaro da yawa, ko a jefa mata babbar duniyar nan Jupita ɗungurungum, ba za ta ƙara tsawon rai ba?

Nan ne yayanmu direba ya ce shi fa an fara raina masa hankali, don amsar ita ce rage mata kwana za a yi. Ku tuna nauyin da ke danne cibiya shi ke kunna girkin. In ka ƙara nauyi ka ƙara matsi, zafi ya ƙaru, girki ya ƙara sauri, kuma saurin da yake ƙarawa ya fi man da ka kawo yawa nesa ba kusa ba. Kaman ka ƙara wa mutum dubu goma a albashi ya je ya ƙaro aure.

Ga misali a sama. Sirius, tauraron nan da ya fi kowanne haske da dare, nauyinsa ya ninka na rana sau biyu kacal amma haskensa ya ninka nata sau 25, duk rayuwarsa ba za ta wuce shekara biliyan ɗaya da wani abu ba alhali rana na da kusan biliyan 10. Betelgeuse jan nan, ya fi rana nauyi sau goma sha wani abu, shekarunsa wajen miliyan 10 ne amma har ya tsufa yana jiran fashewa. Su kuma ƙananan jajaye irin Proxima Centauri maƙwabcinmu mafi kusa, nauyinsa kaman kashi ɗaya cikin takwas na rana, a hankali suke lasar mansu kuma su tukunyarsu tana juyawa tun daga ƙasa har sama don haka duk rumbun suke mora, lissafi ya nuna za su kai shekaru tiriliyan.

Jupita ɗin ma da ya ninka duniya sau 318, kashi ɗaya cikin dubu ne na rana. In ka share duk abin da ke zagaya ta, duniyoyi da watanninsu da duwatsu da masu wutsiyar kaf, ba su kai kashi 0.2 cikin 100 na nauyin gidan ba, rana ita kaɗai ta riƙe 99.86.

Kenan wannan tunanin na direba shirme ne?

A'a wallahi, kar wanda ya yi masa dariya, manya sun riga shi. Isaac Newton da kansa, bayan ya bi lissafin babbar tauraruwa mai wutsiya ta 1680 wadda ta gifta dab da rana, ya kawo shawarar cewa taurarin da suka rame saboda fitar da haske ana iya farfaɗo da su da masu wutsiyar da ke faɗa musu. Lodi kenan, sak maganar da aka yi a teburin shayi.

A 1848 wani likita Bajamushe Julius Robert Mayer ya zo da wata mai kama da ita, ya ce ba ƙonewa ba ce, ƙarfin karon duwatsun da ke zubowa ne ke zama zafi. Kuma akwai ƙamshin gaskiya, don duk abin da ya faɗo wa rana daga nesa yana isowa da gudun sama da kilomita 600 a sakan, Legas zuwa Kano kafin ka ƙirga biyu. Lord Kelvin na Birtaniya ya karɓi wannan a 1854 daga baya ya watsar da shi, dalili kuwa lissafi ne, don in da haka rana ke samun haskenta sai ta haɗiye kwatankwacin duniya guda duk shekara ɗari, nauyinta ya yi ta ƙaruwa, tsawon shekararmu ya riƙa raguwa yadda masu lissafin taurari za su kama, kuma ba a ga hakan ba. Sai shi da wani masani Bajamushe Helmholtz suka koma cewa rana tsukewa take a hankali tana matso zafi, wannan kuma ya ba ta shekaru miliyoyi gommai kawai, masu nazarin duwatsu suka ce ina, ƙasa ta girmi haka. Aka yi ta ja-in-ja har 1920 da Arthur Eddington ya ce a duba haɗewar haidirojin, a 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa taurari kusan duk haidirojin ne da hiliyam, a ƙarshen shekarun 1930 Hans Bethe ya zayyana matakan girkin dalla-dalla, aka ba shi kyautar Nobel a 1967. Sama da shekara ɗari biyu da hamsin kenan daga Newton, don haka Yaya in ka yi kuskure to da manyan mutane ka yi shi.

Babu tauraron da ke samun ƙari daga waje kwata-kwata?

Akwai, amma ba daga 'yan ƙanƙara ba, daga ɗan'uwansa tauraro. Taurari da yawa bibbiyu suke zagaya juna, in ɗaya ya tsufa ya kumbura sai ɗayan ya riƙa zuƙe masa iska, ko ma su yi karo su haɗe. A 1953 Allan Sandage ya lura da wasu a cikin wani tsohon gungun taurari da ake kira M3, sa'anninsu duk sun tsufa su kuma suna nan shuɗaye shar kaman samari, daga baya aka gane cin na wasu suka yi. Sai dai samartakar ta rini ce, tunda sun ƙara nauyi sun ƙara saurin ci kenan. Ranarmu kuwa ita kaɗai ce ba ta da abokin zama.

Masu wutsiya a wasu gidajen ma ana ganin alamarsu, tun 1987 aka fara kama su suna gifta gaban tauraron Beta Pictoris. Akwai kuma gawarwakin taurari, fararen ƙanana da girkinsu ya mutu, da ake ganin ƙarfe da sinadaran dutse a fatarsu alamar sun haɗiye duwatsu, amma ko ɗaya bai tashi daga mutuwa ba don ya ci dutse.

In sun faɗa ba su ke sa rana ta yi aman wuta ba, ko wannan zafin na Legas?

Ko ɗaya. Wani lokaci a bidiyo za ka ga ta shige sai ga rana ta feso wani gajimare, mutane su ce ga shi nan ta fasa ta, amma rana na yin wannan feshin da baƙuwa ko babu, in tana cikin shekarunta na zafin rai sau da yawa ma a yini, daga murɗewar maganaɗisunta ne. In kana so ka ga inda karo ya bar tabo to Jupita ne a Yulin 1994, da gutsattsarin wata mai wutsiya, Shoemaker-Levy 9, guda 21 suka yi ta dukansa kusan mako guda suka bar baƙaƙen tabo wasu girman duniya. Zafin Fabrairu da Maris na nan kuwa damshin teku ne da rana a tsakar ka da kwano da kankare da rashin bishiya, sai kuma ɗaki ɗaya mutum shida babu fanka.

An ce tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, ya gaskiyar wannan?

Kakata ma haka take cewa, kuma ba mu kaɗai ba ne, kusan kowace al'umma ta tsorata da ita don tana zuwa ba sallama. Amma tun da Edmond Halley ya lissafa cewa wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce kuma za ta dawo wajen 1758, ta kuwa dawo bayan ya rasu, aka gane matafiya ce mai jadawali, duk shekara 76 ko kusa. Sauran bayanin ta fuskar addini na bar wa malamanmu na zaure, su ne da fagen.

To wa ya cika mata tankin tun farko, kuma yaushe zai ƙare?

Ikon Allah, lodi ɗaya aka yi mata. Wani makeken gajimare na iska da ƙura ne ya tattaru ya dunƙule shekara biliyan 4.6 da suka wuce, kusan duka ya tafi tsakiya ya zama rana, ragowar ta zama duniyoyi, ragowar ragowar can gefe inda sanyi yake ita ce masu wutsiyar nan. Kaman guntayen bulo da yashin da ke saura a bakin gida bayan an gama gini, shi ya sa masana ke rububin su, don suna ɗauke da kayan ginin na asali ba a taɓa ba.

A lissafin masana saura wajen shekara biliyan 5 haidirojin na cibiya ya ƙare, sannan ta kumbura ta yi ja ta haɗiye duniyoyi biyun da suka fi mu kusa da ita, daga baya ta zubar da rigarta ta bar ƙaramin farin curi kaman girman duniya. Abin lura ma ba dusashewa take ba yanzu, ƙara haske take a hankali, tana yarinya haskenta bai kai na yau ba da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan abin da awo ya nuna kenan in abubuwa sun tafi yadda suke, sa'a kuma tana wurin Mai ita.

Yaushe za mu ga wata da idonmu, kuma a Legas za ta ganu?

Da wuya a nan gaskiya, fitilu da hayaƙi da gajimare sun cinye mana sama, NEOWISE ta Yulin 2020 da Tsuchinshan-ATLAS ta Oktoban 2024 duk sun zo sun wuce yawancinmu a waya muka gan su. In an sanar da wata kuma ka yi sa'a kana gida arewa, fita bayan gari inda babu fitila bayan magariba ko kafin asuba, ka ba idonka kaman minti ashirin ya saba da duhu, ka ajiye wayar a aljihu. Roƙona ɗaya, kar wanda ya ce zai nemi masu faɗa wa rana ta hanyar kallonta kai tsaye, balle da madubin hangen nesa, ido zai tafi kuma ba ya dawowa, waɗannan a hotunan SOHO ake kallonsu.

Halley dai rabonta da mu tun 1986, za ta dawo 2061. Mai shayi ya ajiye ludayi ya ƙirga da yatsu ya ce lokacin in da rai yana da casa'in da biyu, a dai kama masa wuri a gaba, yayanmu direba kuma har yanzu bai biya shayin daren nan ba wai sai an nuna masa inda aka auna ranar a sikeli.